Tarihin Kalmar Though ta Ingilishi: Ma'anarta, Amfaninta da Asalinta

1.0 Gabatarwa

Akwai wata fahimta da ta daɗe a tsakanin manazarta harshe, cewa harsuna kan ari sunayen kayayyaki da na baƙin al'adu cikin sauƙi, amma da wuya su ari ƙananan kalmomin nahawu irin su wakilan suna da mahaɗai. Hujjar da ake kafawa ita ce, baƙon abu kan zo da sunansa, alhali kuwa babu harshen da ya rasa hanyar haɗa gangunansa, balle ya je nema a waje. Maƙasudin wannan takarda shi ne a gwada wannan fahimta da kalma guda ta Ingilishi, wato though, tare da 'yar'uwarta although. Za a ga cewa kalmar da ake furtawa a yau ba ita mutanen Ingila suka gada daga kakanninsu ba. Suna da tasu mai ma'ana ɗaya da ita, suka saki, suka kama ta maƙwabta.

A cikin takardar an kira wannan rukuni na kalmomi mahaɗan sallamawa, domin mai magana kan sallama cewa wani batu gaskiya ne, sannan ya kawo wani da ba a zaci zai biyo bayansa ba.

2.0 Ma'ana da Amfani

Bari mu fara da wannan misali:

(1) Although it rained, the market was full.
'Ko da yake an yi ruwa, kasuwa ta cika.'

Abubuwa uku ne ke ƙunshe a jimla ta (1). An yi ruwa, kasuwa ta cika, sai kuma na uku wanda ba a furta ba, wato a bisa al'ada ruwan sama kan hana kasuwa ci. Wannan na ukun shi ne ainihin aikin mahaɗin. Da shi ya bambanta da mahaɗin dalili, inda ganga ta farko ke haifar da ta biyu, ya kuma bambanta da mahaɗin sharaɗi, inda ba a tabbatar da aukuwar ko ɗaya daga cikin gangunan ba. Ingilishin yau ya raba waɗannan a fili: even though na nuna abin da ya riga ya tabbata, even if kuma abin da ake ƙaddarawa, kusan yadda Hausa ta raba 'ko da yake ya zo' da 'ko da zai zo'.

Littattafan makaranta kan ce though da although abu ɗaya ne, sai dai ta biyun ta fi dacewa da rubutu. Hakan gaskiya ne idan mahaɗin ya zo a farkon ganga dogarau. Amma akwai gurabe uku da though kaɗai ke shiga:

(2) Tired though she was, she cooked.
'Duk da gajiyar da ta yi, ta dafa abinci.'

(3) The cloth is fine. It is expensive, though.
'Yadin yana da kyau. Sai dai fa da tsada.'

(4) He spoke as though he owned the house.
'Ya yi magana kamar shi ne mai gidan.'

A (2) an gabatar da sifa a kan mahaɗi. A (3) kalmar ta tashi daga mahaɗi ta zama bayanau, ta koma ƙarshen jimla, kuma wannan shi ne amfanin da ya fi yawa a hirar yau da kullum. Misali na (4) ya fi su ban sha'awa, domin babu sallamawa a cikinsa ko kaɗan. As though da as if ma'anarsu ɗaya. Wannan ragowar wani tsohon amfani ne, tun zamanin da kalmar ke ɗauke da ma'anar 'ko da' ta ƙaddarawa tare da ta tabbaci. Abin lura shi ne, duk guraben da although ta kasa shiga suna nuni da cewa though ce uwa, although kuwa reshe ce da ta tsiro daga baya da aiki guda tak.

3.0 Asali

3.1 Kalmar gado

Ingilishi ɗan zuriyar harsunan Jamus ne, kuma kalmar tana da dangi a kusan kowane reshe na zuriyar. A harshen Gotik, wanda Bishop Wulfila ya fassara Baibul a cikinsa a ƙarni na 4, akwai þauh. Harafin þ shi ne wanda ake rubutawa da th a yau. A Jamusanci akwai doch, a harshen Holan akwai toch da doch, a harshen Aisland kuma þó. Masana sun maido da su duka ga tushe guda, *þauh, wanda alamar tauraro ke nuna cewa ƙiyasta shi aka yi. Kashin farko na tushen daga saiwar nunau yake, wadda ta haifar da the da that da then. Baƙin h na ƙarshe kuwa ragowar wani ɗafa-ƙeya ne mai ma'anar 'da' ko 'kuma', ɗan'uwan -que na Latin da ca na Sanskirit. Ke nan a can farko kalmar nuni take yi ga wani hali da aka riga aka ambata, wani abu mai kama da 'a hakan ma'.

A Tsohon Ingilishi, wato harshen da aka yi rubutu da shi daga wajen ƙarni na 7 zuwa na 11, siffar kalmar ita ce þēah. Tana zuwa ita kaɗai a matsayin bayanau, tana kuma zuwa da ɗan mahaɗin þe, a ce þēah þe, ta buɗe ganga. Aikatau ɗin da ke biye da ita kan ɗauki sigar ƙaddarawa, ko da kuwa abin ya auku. Randolph Quirk ya yi littafi sukutum a 1954 a kan dangantakar sallamawa a waƙoƙin wannan zamani, kuma þēah ce ta mamaye fagen.

Wanda ya kalli þēah ya kalli though zai ɗauka ta farkon ce ta rikiɗe ta zama ta biyun. Tsarin sauti bai yarda da haka ba. Tagwan wasalin *au na tushe kan zama ēa a Tsohon Ingilishi a kai a kai, kuma akwai wata kalma da ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da tamu, wato mai ma'anar 'tsawo' ko 'bisa':

Gotik: hauhs, þauh
Jamusanci: hoch, doch
Tsohon Ingilishi: hēah, þēah
Ingilishin yau: high, though

Layuka ukun farko sun daidaita, na huɗu ya karkace. In da þēah ce ta rayu, da abin da za a sa ran ji a yau kalma ce mai amo irin na high ko na they. Kuma lalle an sami irin waɗannan siffofi. Rubuce-rubucen kudancin Ingila na ƙarni na 13 da na 14 cike suke da þeih da þeigh da þei, na yamma kuma suna da þah da þauh. Waɗannan su ne 'ya'yan þēah na halak, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kai ga daidaitaccen harshe. Wasalin o na though daga wani wuri ya fito.

3.2 Baƙi daga Arewa

A shekarar 793 maharan teku daga Sikandinebiya, waɗanda ake kira Viking, suka washe gidan ibada na Lindisfarne a gaɓar arewa maso gabashin Ingila. Tun ana hari a koma, har aka zo zama. Wata babbar runduna ta sauka a 865, ta ci birnin York a 866, ta rushe masarautun Ingila ɗaya bayan ɗaya, sai Wessex kaɗai ta tsira, bayan Sarki Alfred ya yi galaba a kan Guthrum a Edington a 878. Yarjejeniyar da ta biyo baya ta bar gabas da arewa a hannun baƙin, yankin da daga baya aka sani da Danelaw, wato ƙasar dokar mutanen Denmak. Mulkinsu a York ya ƙare a 954, amma manoman da suka zauna ba su tashi ba. Har yau sunayen garuruwa masu ƙarewa da -by, irin su Grimsby da Derby da Whitby, da masu ƙarewa da -thorpe, irin su Scunthorpe, suna nuna inda suka kafa gidaje.

Harshen waɗannan mutane, Tsohon Nos, ɗan'uwan Tsohon Ingilishi ne na kusa. Matthew Townend ya kawo hujjoji a littafinsa na 2002 cewa ɓangarorin biyu na iya fahimtar juna daidai gwargwado, kowa yana magana da nasa harshe. A irin wannan zama ne Ingilishi ya sami sky da egg da skin da leg da take da window da law. Ya kuma sami abin da ya fi waɗannan nauyi, wato they da them da their da both da same.

A Tsohon Nos, *au kan zama dogon wasalin o idan h ya biyo shi. Saboda haka *þauh ta zama *þóh, daga baya h ɗin ya faɗi, aka sami þó da ake gani a littattafan Aisland na ƙarni na 12 da na 13. To, wannan *þóh ita ce uwar though. A nan akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. Siffar mai h ba ta bayyana a waɗancan littattafai ba, domin kafin a rubuta su baƙin ya riga ya salwanta. Ingilishi ne ya adana shi, kuma shi ne gh ɗin da yara ke fama da shi a darasin rubutu. Wannan ya nuna cewa aron ya auku da wuri, tun baƙin na nan a bakin masu harshen. Ya kuma nuna cewa harshen da ya yi aro kan riƙe shaidar da mai kayan ya ɓatar.

Duk da haka, kalmar ta ɗauki ƙarnuka kafin ta shiga takarda, saboda rubutun Tsohon Ingilishi na ƙarshe a kan karin Wessex aka gina shi, can nesa da Danelaw. Sai bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, wannan daidaitaccen rubutu ya rushe, kowane marubuci ya koma ga karin garinsu, sannan kalmomin Nos suka fito fili. Ɗaya daga cikin shaidun farko shi ne Ormulum, tarin wa'azi a waƙe da wani malamin coci mai suna Orm ya rubuta a yankin Lincolnshire a ƙarshen ƙarni na 12. Sunan nasa ma na Nos ne. Orm ya ƙago wa kansa ƙa'idar rubutu, inda yake ninka baƙi don nuna cewa wasalin da ya gabace shi gajere ne, kuma ya rubuta kalmar a matsayin þohh. Daga nan muka san cewa wasalin ya gajarce, kamar yadda ya saba faruwa ga kalmomin da ba a ƙarfafa su a furuci. A cikin littafin nan kuma aka fara ganin they.

3.3 Yadda ta ci kudu

Tambayar da ta fi wuya ita ce dalilin da ya sa Landan ta saki tata kalmar, alhali ba ta cikin Danelaw. M. L. Samuels ya kwatanta rubuce-rubucen Landan a 1963, ya raba su zuwa rukunai. A rukunin da ya haɗa da kundin Auchinleck na wajen 1330 zuwa 1340, siffar ita ce þei ko þeiȝ. A rukunin da ya haɗa da kwafe-kwafen ayyukan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, though ce. Wato a cikin abin da bai wuce shekara sittin ko saba'in ba birnin ya sauya kalma.

Dalili na farko shi ne ƙaura. A ƙarni na 14 mutane sun yi ta kwarara zuwa Landan daga tsakiyar ƙasar, suna tafe da karin harshensu. Dalili na biyu, wanda Samuels ya bayar, daga cikin harshen yake. A daidai wannan lokaci wakilin suna they yana gangarowa daga arewa yana ture tsohon hi. Da ya iso yankin da ake cewa þei da ma'anar 'ko da yake', sai kalmomi biyu suka yi karo a furuci guda, kuma dukkansu a farkon ganga suke zama. Mai sauraro ba zai san ko 'su' ake nufi ko 'ko da yake' ba sai jimla ta yi nisa. Mafita ita ce a karɓi though daga inda aka karɓi they. A ganina wannan bayani ya fi gamsarwa, domin ya nuna abin da ya sa wannan kalma ta riga wasu isowa. Chaucer yana da they da though, amma har ya rasu hem da here yake rubutawa a gurbin them da their, waɗanda babu wani karo da ya gaggauta su. Ke nan aro ɗaya ne ya jawo ɗaya.

Wasu sun kai batun nesa. Joseph Emonds da Jan Terje Faarlund sun yi da'awa a 2014 cewa Ingilishin bayan 1066 harshen Nos ne da ya sha kalmomin Tsohon Ingilishi. Yawancin masana tarihin harshen ba su karɓi wannan ra'ayi ba, kuma tarihin though ma bai goya masa baya ba. Tafiyar kalmar daga gunduma zuwa gunduma, tana ture þei da þah sannu a hankali, tafiyar kalmar aro ce a cikin harshen da ke raye.

4.0 Although da Danginta

Although ta bayyana a farkon ƙarni na 14. Haɗi ne na all, wato 'duk', da though, kuma da farko a rabe ake rubuta su, all tana ƙarfafa sallamawar. Wannan all ɗin ce a cikin albeit, wadda asalinta ganga ce cikakkiya, al be it, 'duk da ya kasance haka', kuma Chaucer ya yi amfani da ita sosai.

Ekkehard König, a nazarce-nazarcensa na shekarun 1980, ya lura cewa mahaɗan sallamawa kan makara wajen bayyana a tarihin harsuna, kuma daga 'yan maɓuɓɓuga kaɗan suke fitowa. Akwai kalmomin game-duka, kamar a although. Akwai na zama tare a lokaci guda, kamar while da still. Akwai na raini, kamar despite da in spite of, waɗanda suka samo asali daga kalmar Faransanci mai ma'anar wulaƙanci. Akwai kuma na rashin hanawa, kamar notwithstanding, wadda aka ƙera a kan non obstante ta Latin. Mai jin Hausa ba zai sha wuyar gane wannan ba. 'Duk da' ta haɗa game-duka da zama tare, 'ko da' kuma ta fito daga fagen sharaɗi, alhali babu wata cuɗanya tsakanin Hausa da Ingilishin ƙarni na 14. Hanya ɗaya tunanin ɗan'adam ya bi a wurare biyu.

5.0 Furuci da Rubutu

Gh na wakiltar zuzau ɗan hanɗa, irin wanda ake ji a doch. Kafin ya ɓace, ya haifar da ɗan sautin u a gabansa, shi ya sa þoh ta zama though. Wannan na tuna mana da dokar Klingenheben a Hausa, inda baƙin hanɗa a ƙarshen gaɓa ya zama u, kamar a talaka da talauci. A wasu kalmomin Ingilishi zuzau ɗin ya koma f, kamar a cough da enough, kuma though ma ta bi wannan hanya a wasu karuruwa, inda aka sami thof. Daidaitaccen harshe ya zaɓi siffar da baƙin ya faɗi gaba ɗaya. Amma William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, haruffa shida suka zauna a kan sautuka biyu. Baƙin farko kuma ya sami ziza, kamar na the da this, ko da yake a Sikotland ana jin masu furta shi ba ziza.

An yi yunƙurin gyara a Amurka. Ƙungiyar malamai ta ƙasar ta amince da tho da altho a 1898, cikin kalmomi 12. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta bi jerin kalmomi 300 da aka sauƙaƙa, majalisa ta ƙi, ya janye kafin shekarar ta fita. Jaridar Chicago Tribune ta yi nata gwajin daga 1934 zuwa 1975. Abin da hukuma ta kasa, saƙonnin wayar hannu sun yi, domin a can tho ta sami gindin zama, musamman a gurbin misali na (3).

6.0 Abin da Ya Shafe Mu

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawa a Nijeriya ya san jimla irin wannan:

(5) Although he is rich, but he is stingy.
'Ko da yake yana da kuɗi, amma marowaci ne.'

Ana jan layi a ƙarƙashin but, kuma bisa ƙa'idar daidaitaccen Ingilishi an yi daidai. Sai dai fassarar Hausar ba ta da aibi ko kaɗan, kuma yi wa gangunan biyu alama ba baƙon abu ba ne a tarihin Ingilishi kansa. Tsohon Ingilishi kan sa þēah a ganga ta farko ya maimaita ta a ta biyu, kuma tsarin though da yet ya yawaita a fassarar Baibul ta 1611, yana nan kuma a rubutu mai nauyi. Abin da ƙa'idar ta hana shi ne but kaɗai, saboda ita mahaɗin ganguna masu daraja ɗaya ce, yet kuwa bayanau. Gara a faɗa wa ɗalibi haka da a ce masa tunaninsa ne ya karkace.

Ita kanta 'amma' da ke cikin fassarar kalmar aro ce daga Larabci, inda take gabatar da batu, kamar a buɗe wasiƙa da huɗuba, ta zo Hausa ta zama ta saɓani, ta zauna tare da 'sai dai'. Tana nan a Fulfulde da Kanuri. Yaron Matras ya nuna a 1998 cewa a cikin mahaɗai, na saɓani ne harsuna suka fi saurin ara, sannan na zaɓi, sannan na tarawa. Fahimtar da aka buɗe takardar nan da ita tana buƙatar gyara ta wannan fuska.

Gane 'amma' abu ne mai sauƙi, domin Larabci na da rubutu mai tsawon tarihi, kuma nisansa da Hausa ya isa a ga baƙo a san baƙo ne. Matsalar though ta fi kama da wadda ke gaban mai kwatanta harsunan Chadi. Idan ya tarar da wata ƙaramar kalma a Bolanci ko Ngizim ko Angas da ta yi kama da ta Hausa a siffa da ma'ana, zai yi saurin lissafa ta cikin kayan gado. Tana iya zama ta Hausa ce ta shigo ta kasuwa ta ture 'yar'uwarta ta gida, kamar yadda *þóh ta ture þēah. A Ingila an gano musanyar ne saboda akwai Ormulum da kundin Auchinleck, akwai kuma high da za a auna da ita. Mafi yawan harsunan Chadi ba su da tsofaffin kundaye, don haka ma'aunin da ya rage shi ne daidaiton sauti a jerin kalmomi masu yawa, da kuma karuruwan ƙauyukan da Hausa ba ta gama shiga ba, inda mai yiwuwa tsohuwar siffar tana bakin dattawa.